An ɗauke min jariri a daren farko: shin shi ya sa nonon bai yi nisa ba?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana damuna. Haihuwata ta farko, ana yanke cibiya aka naɗe yaron aka fita da shi ɗakin jarirai, aka ce in huta. Ban sake sa shi a ido ba sai washegari da hantsi. Da aka kawo shi ya ƙi kama nono, sai juya kai yake yana tsala kuka, daga baya na gano an ba shi madara a fida cikin dare. Haka muka yi ta fama, yau nono gobe gwangwani, har wata uku, daga nan nonon ya ɗauke gaba ɗaya. Ta biyun kuwa a wani asibiti na haife ta. Tana faɗowa aka goge ta aka kwantar min da ita a ƙirji, aka rufe mu da zani ɗaya. Ina kallonta tana lalube da baki har ta kama da kanta. Ɗan gadonta yana manne da nawa har aka sallame mu. Wannan yarinya sai da ta sha wata 22. Yanzu ina da ciki na uku, wata bakwai. Shin raba mu da aka yi ne ya jawo abin da ya faru da Khalil, ko kuwa dai dacewa ce kawai? Ina so in san ko abin da zan tsaya a kai ne idan na je haihuwa.

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Kamar labarina kike bayarwa. Nawa kwana biyu ya yi a ɗakin jarirai ba tare da wani ciwo ba, wai tsarin wurin kenan. Da muka koma gida ya riga ya saba da fida, ko na ba shi nono sai ya tura da harshe. Ni dai na yarda akwai alaƙa.

Sista Rabi: Maman Khalil, Allah Ya sauke ki lafiya. Aikin ungozoma nake yi, kuma abin da kika gani ba dacewa ce zalla ba. Jariri lafiyayye yana fitowa ne idonsa biyu, a wartsake, na kusan awa ɗaya zuwa biyu, sannan ya faɗa barci mai nauyi. Idan aka kwantar da shi a ƙirjin uwa a wannan ɗan tsakanin, jiki da jiki ba riga, zai huta, ya fara tsotsar hannu, ya yi ta ture-ture da ƙafa har ya kai kan nono. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shayarwa cikin awa ta farko, wanka ma a jinkirta shi zuwa awa 24 idan da hali.

Sai maganar kwana tare. Sabon jariri yana neman nono sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, kuma ba da kuka yake fara nema ba. Zai motsa baki, ya juya kai, ya kai hannu baki. Uwar da yake gefenta ita ke ganin wannan. Wanda yake ɗakin jarirai kuwa, nas ɗaya da yara da yawa, sai ya ɓarke da kuka kafin a waiwaye shi, kuma yaron da ya riga ya fusata ba ya kama nono da kyau. Abu mafi sauƙi a wurin mai aikin dare shi ne ta ba shi fida. Ya ƙoshi ya yi barci, ke kuma nononki ba a taɓa ba. Shi kuwa nono gwargwadon yadda ake fitar da shi jiki ke ƙara yin wani, kuma sinadarin da ke sa a samar da shi ya fi yawa da daddare. To kin ga daren da aka ce ki huta, shi ne daren da jikinki ya fi bukatar saƙon cewa akwai mai sha.

Hauwa_M: Sista, ban ƙi taki ba, amma kada a tsorata mata. Ɗana shawara ta kama shi, kwana biyar yana ƙarƙashin fitila a wani ɗaki, ni ina wani. Kuma shekara biyu cif ya sha. Abin da ya taimake ni wata nas ce da ta zauna ta koya min tatsa da hannu tun ranar farko, duk bayan awa uku har da tsakar dare. Da farko ɗigo ne kawai ke fitowa, a ƙaramin cokali ake tara shi a kai masa. Ran kwana na uku nono ya cika har yana zuba. Rabuwa ba ita ce ƙarshen magana ba.

Sista Rabi: Gaskiyarki Hauwa, kuma kin ma ƙarfafa maganata ne. An raba ku, amma ba a bar nonon ya kwana ba a taɓa ba, kuma da cokali aka ba shi. Ita Maman Khalil an raba su babu dalili, ba a koya mata tatsa ba, aka ƙara da fida.

Malam Nura: Ku yi min afuwa in shigo maganar mata, fannin lafiyar al'umma na karanta. Akwai wani bambanci da ya kamata mu riƙe. Idan ana maganar kwana a ɗaki ɗaya shi kaɗai, gwajin da aka yi a kai kaɗan ne ƙwarai. Masu bitar bincike na Cochrane sun duba a 2016, gwaji ɗaya tak suka samu da ya cika sharaɗi, mai mata 176. A cikinsa, waɗanda suka kwana da jariransu sun fi shayar da nono zalla a kwana na huɗu, amma da aka kai wata shida ba a ga bambanci ba. Hujjar ɗora jariri a ƙirji ta fi wannan ƙarfi: bitar da aka yi a wannan shekarar ta nuna matan da aka yi wa haka sun fi daɗewa suna shayarwa, da kimanin wata biyu.

Inda abin ya fito fili shi ne idan aka haɗa matakan gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da matakai goma a 1989, suka kafa shirin asibitoci masu kula da shayarwa a 1991. Mataki na huɗu shi ne jiki da jiki, na shida kada a ba jariri komai sai nono in ba da dalilin likita ba, na bakwai uwa da ɗa su zauna tare dare da rana. An gwada wannan tsari a ƙasar Belarus a asibitoci 31, da uwaye kusan 17,000, aka buga sakamakon a 2001. A wata uku, kashi 43 cikin ɗari na yaran asibitocin da suka bi tsarin nono zalla suke sha, sauran asibitocin kuwa kashi 6. Saboda haka Maman Khalil, abubuwa uku aka yi miki a dare ɗaya, kuma ba wanda zai iya ware miki wanne ne ya fi yin ɓarna.

Ummu Sadiq: Malam, to in dai haka ne ai maganarmu ɗaya. Duk inda aka ɗauke yaro, fidar tana biye.

Malam Nura: Sau da yawa haka ne, shi ya sa ma raba su a bincike ke da wuya.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai akwai abin da ke min ciwo a wannan magana, kuma sai na faɗa. Tiyata aka yi min. Ƙarfe tara na dare aka fito da ni, ƙafafuna ba na jin su, hannu ɗaya da ƙarin ruwa, aka turo min gadon yara biyu aka ce tsarinmu uwa da ɗa ba sa rabuwa. Mai jinyata aka ce ta fita, lokacin ziyara ya wuce. Hassan ya fara kuka, na miƙa hannu ban kai ba. Na danna ƙararrawa har na gaji. Da ƙyar wata mai jego da ke gadon gefe ta taso tana dafa bango ta miƙo min shi. Na sa shi a nono, allurar kashe zafi ta ɗebe ni. Farkawa na yi na ji shi ya zame ya kai bakin gado, gwiwar hannuna ce kawai ta tare shi. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Idan za a bar yaro wurin uwarsa, a bar mata mai taimako. In ba haka ba, an sauke wa ma'aikata aiki ne an ɗora wa wadda aka yanka.

Zee Aliyu: Innalillahi. Allah Ya tsare gaba. Wannan kam sakaci ne.

Sista Rabi: Maman 'Yan Biyu, ki yi haƙuri, an zalunce ki, kuma ba haka tsarin ya ce ba. Ɗaki ɗaya ake nufi, kowa da gadonsa. Macen da aka yi wa tiyata, ko ta sha maganin da ke sa barci, ko ta zubar da jini da yawa, ba a barinta ita kaɗai da jariri a hannu. Dole wani ya tsaya a kanta yayin da take shayarwa, ya karɓe shi ya mayar gadonsa a kwantar da shi a rigingine. Ko a awa ta farkon nan ma, ana son ma'aikaciya tana leƙowa: fuskar yaron a juye gefe, hanci a buɗe, launin leɓensa daidai. An samu jariran da numfashinsu ya tsaya a ƙirjin uwa saboda ba mai dubawa. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa. Ni ina goyon bayan zama tare ɗari bisa ɗari, sai dai asibitin da ba shi da isassun hannu da daddare ya bar mai jinya ta kwana.

Abu Fatima: Matata ma tiyata ce. Likitan ya ce tunda ana ɗinke ta, in cire riga in rungumi yarinyar a ƙirjina a rufe mu da bargo. Kusan minti arba'in tana jikina tana tsotsar 'yar yatsarta, ina jin numfashinta. Ana fito da uwar aka mayar mata, ta kama nan take. Maza 'yan uwana, ku tambaya, a wasu wuraren ana yarda. Kuma dararen farko a gida ni ke tashi in miƙa mata yarinyar in mayar, don ɗinkin bai barinta ta yunƙura.

Maman 'Yan Biyu: Allah Ya saka maka da alheri Abu Fatima. Da na samu ko rabin wannan a daren nan, da ban yi wannan kuka ba.

Zee Aliyu: Don Allah in ɗan karkata. Cikin fari gare ni. Ana ta ce min kwana ukun farko babu komai a nono, yaro zai kwana da yunwa idan ba a ba shi ruwa ko madara ba. To idan yana gefena yana kuka ni kuma ba abin ba shi, ya zan yi?

Hajiya Kaka: 'Yata, ni na haifi tara, na ga jikoki. Yaro yana kuka da ƙishi a lokacin zafi, ka hana shi ruwa har wata shida? Wannan abin har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Amma maganar a ɗauke wa mace ɗanta a kai wani ɗaki, wannan ban san shi ba sai a asibiti. Ɗa ai a jikin uwarsa yake.

Sista Rabi: Hajiya, Allah Ya ƙara girma, a ta biyun muna tare. A ta ruwa kuwa ki ba ni dama. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, idan ana zafi sai yaro ya riƙa nema akai-akai, ƙishinsa ya tafi. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, ruwan da aka ɗura masa ya cinye wurin nono, ya rage tsotsa, nono ya ragu. Ga kuma gudawa idan ruwan ko abin shan ba su da tsabta.

Zee, nononki ba fanko ba ne. Dakashi yana nan tun kina da ciki, mai kauri, rawaya-rawaya, kaɗan ne amma daidai cikinsa, cike da garkuwar jiki, kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Farin nonon yana zuwa ne tsakanin kwana biyu zuwa huɗu. Ki sani dare na biyu yara da yawa ba sa sauka daga nono, ana cirewa suna kuka, a nan mata ke karaya su ce ba ya ƙoshi. Kiran nonon yake yi. Abin da za ki duba shi ne fitsari da kashi: zuwa kwana na biyar ya jiƙa kunzugu kamar sau shida a rana, kashin ya koma rawaya. Zai ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya dawo da shi wajen sati biyu. Idan kuwa ba ya fitsari, ko barci ya yi masa yawa ba ya tashi sha, ko idonsa ya yi rawaya, kada ki jira, ki kira ma'aikata.

Hajiya Kaka: To na ji bayani. Jikata ta ƙarshe haka uwarta ta yi mata, kuma ba laifi, ta yi ɓul-ɓul. Ni dai hannuna ne ke ƙaiƙayi idan na ji kukan.

Malama Asiya: Ku dawo kan tsawon shayarwa, don ni a ganina an ɗora wa daren farko nauyin da ya fi ƙarfinsa. 'Ya'yana uku duk a ƙirjina aka ɗora su, duk tare muka kwana. Amma duk ukun nonon ya fara ja baya a wata na huɗu, ranar da na koma aiki. Fita tun bakwai, dawowa huɗu, ba ɗakin da zan tatsa, ba inda zan ajiye. Rigata tana jiƙewa a gaban ɗalibai, ƙirji ya yi tauri kamar dutse, bayan sati uku jiki ya gane ba mai sha da rana ya rage. Ana ce mana nono zalla wata shida, ita kuwa yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 mafi ƙarancin hutun haihuwa da ta sa sati 14 ne. Lissafin bai haɗu ba.

Hauwa_M: Malama, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Abin da na yi shi ne tatsa da asuba in bari a kofi mai murfi. Yana kai awa huɗu a ɗaki, a firji kuma har kwana huɗu. Da daddare kuma in bar shi ya sha iya shansa, shi ya riƙe min nonon.

Malam Nura: Maganar Malama Asiya ita ce mataki na goma a wancan tsari, wato abin da zai biyo bayan sallama. Asibiti yana dasa abin ne, kwana biyu ko uku. Sauran kusan shekara biyun shayarwa a gida da wurin aiki suke.

Ummu Abdallah: Kada mu manta shekara biyun nan ba likitoci suka fara faɗa ba. Tana cikin Alƙur'ani, Suratul Baƙara aya ta 233, ga wanda ya so cika shayarwa, kuma ayar ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Hukumar Lafiya ita ma cewa ta yi zuwa shekara biyu ko fiye, tare da abinci daga wata shida.

Maman Bakwaini: Ina karantawa tun ɗazu. Tawa kilo ɗaya da rabi aka haife ta. Na ɗauka sai kwalba, amma da ta ɗan daidaita aka ɗaura min ita a tsakanin ƙirji, daga ita sai kunzugu da hula, awanni da yawa a rana. Ba ta da ƙarfin tsotsa, tatsa nake ana ba ta ta siririn bututu. Abin mamaki, duk sanda take jikina nonon ya fi zuba. Yanzu tana wata 14, tana sha har yau.

Malam Nura: Masha Allah. Wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ta samo asali, a 1978, wurin wani likita Edgar Rey, lokacin da kwalaben asibitinsu suka yi kaɗan. A 2021 an buga wani gwaji da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, kan jarirai masu nauyi daga kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara ɗaura wa uwa nan take, ba a jira sun daidaita ba, mutuwarsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta mayar da shi shawararta.

Safiyya B.: Ni ban so yin magana ba. Na yi duk abin da kuka lissafa. Jiki da jiki, ɗaki ɗaya, ba ruwa, ba fida, tatsa dare da rana. Sati biyu yarona yana ramewa, sai da likita ya ce dole a ƙara masa madara. Na zubar da jini sosai wurin haihuwa, an ce yana iya zama dalili. Na yi kuka kamar raina zai fita, don kowa tambayarsa ɗaya, me kika yi ba daidai ba. Ina roƙonku idan kuna irin wannan bayani ku tuna da irinmu.

Sista Rabi: Safiyya, ba ki yi komai ba daidai ba. Zubar jini mai yawa, ragowar mabiyiya a mahaifa, ciwon maƙoƙo, duk suna iya hana nono zuwa yadda ya kamata. Madarar da likita ya rubuta wa yaron da ke ramewa magani ce. Wadda muke ƙi ita ce wadda ake ba lafiyayyen yaro cikin dare ba a tambayi uwarsa ba.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai, na karanta kowanne. Safiyya, maganarki ta taɓa ni, don ni ma shekara shida ina zargin kaina a kan Khalil. Abin da na tuna yanzu, bayan an sallame mu da shi kan nonona ya tsage yana jini, ba wanda ya duba yadda yake kamawa, ni ma ina jin tsoron ba shi. Ƙila wannan ma ya taka rawa. Amma dai zan tsaya a kan a bar min ɗana a jikina. Sista, idan na je awo ranar Talata me zan tambaye su? Kuma an ce wannan karon ƙila a yi tiyata, yaron a zaune yake.

Sista Rabi: Ki tambaye su ko suna ɗora jariri a ƙirji a ɗakin tiyata ko sai an fito da ke, kuma wa zai riƙe shi kafin nan. Ki tambaya ko mai jinya za ta kwana. Ki ce a rubuta a katinki kada a ba shi komai sai an faɗa miki dalili, kuma idan dole aka kai shi wani ɗaki, a zo a nuna miki tatsa a cikin awannin farko. Kafin sallama ki sa wata ta tsaya ta ga yadda yake kamawa: baki a wangale, leɓen ƙasa a juye waje, haɓa tana taɓa nono. Idan yana miki zafi har ƙarshen sha, kamun ne ba daidai ba. Maganar zama kuma, a wata bakwai da sauran lokaci, da yawa suna juyawa.

Maman 'Yan Biyu: Ki fi matsawa a kan mai jinyar nan. Idan suka ce a'a, ki tambaye su nas nawa ke kwana a ɗakin masu jego.

Zee Aliyu: Ni ma Talata nake da awo. Sista, tatsar hannun nan ana iya koyonta tun kafin a haihu, ko sai yaro ya zo?